Ina iya zana abin da nake kallo, amma zane da ka ya gagare ni: ta ina ake farawa?

Ummi:

Assalamu alaikum, masu zane. Duk abin da aka ajiye min a gaba, hoto ne ko kofi ko fuskar mutum, ina iya fitar da shi har a gane. Amma da zarar na kawar da hoton na ce bari in zana daga kaina, sai hannun ya koma na 'yar firamare: fuska kullum tana kallon gaba, hannuwa a ɓoye a bayan jiki, mutum kuma kamar an manna shi a takarda, bai taka ƙasa ba. Shin zane da ka wata baiwa ce daban, ko akwai matakan da ake bi? In akwai, me zan riƙa yi kullum, na tsawon wane lokaci? Kuma sai na daina kallon hoto gaba ɗaya?

Malam Sabo:

Wa alaikumus salam, Malama Ummi. Kada ki daina kallo. Irin kallon ne za ki canza.

Mai kwaikwayon hoto a shimfiɗe yake auna komai: wannan layi ya karkata kaza, tsakanin ido da kunne akwai rabin fensir, wannan duhu ya fi wancan. Ido ya ɗauka, hannu ya sauke, bayan daƙiƙa biyu ko uku a sake ɗagowa. Ba abin da ke zama a ka, domin ba a taɓa tilasta wa kan ya riƙe komai ba. Hoton na nan, me zai sa ya wahalar da kansa? Ranar da aka ɗauke hoton sai ƙwaƙwalwa ta miƙo abin da ta adana tun yarinta, wato alamomi: ido kamar ganye, hanci kamar ƙugiya, gida kuwa akwati da alwatika a kansa. Shi ya sa kike ganin hannun ya koma baya. Bai koma ba, rumbun ne ba a zuba masa komai ba.

Ki gwada da keke yanzu, ba tare da kin duba ba. A 2006 wata mai bincike a Jami'ar Libaful, Rebecca Lawson, ta wallafa sakamakon irin wannan gwaji, inda aka ga mutane da yawa suna haɗa sarƙa daga tayar gaba zuwa ta baya, ko su ɗaure tayar gaba da firam ta yadda kan keken ba zai juya ba. Sun ga keke sau dubu. Ganewa daban, iya fitarwa daban.

Maganin tsoho ne. Wani malamin zane a Faris, Lecoq de Boisbaudran, ya yi rubutu a kansa tun 1848, kuma Rodin, mai sassaƙa, yana cikin ɗalibansa. Yakan fara ɗalibi da layuka da siffofi masu sauƙi, ya kalla ya haddace ya zana da ka, sannan a hau zuwa sassan fuska da abin da ya fi su wuya. Ga yadda za ki yi shi a minti 30:

Ki zaɓi abu guda ƙarami, kamar takalmi ko almakashi ko kunne. Minti 5 na farko kallo ne kawai, fensir a ajiye. Ki riƙa faɗa wa kanki da baki abin da kike gani: tsawonsa ya ninka faɗinsa sau nawa, ina ya fi kauri, wane sashe ne ya hau kan wane, ina mahaɗarsu. Ki bi gefensa da yatsa a iska. Sai ki rufe shi da ƙyalle, ki zana da ka na minti 10. Ki buɗe, ki ɗauki jan biro ki gyara a kan zanen nan, kada ki goge komai. A gefen takardar ki rubuta kuskure uku mafi girma, da kalmomi: "na gajarta dunduniya", "ramin yatsa ya yi ƙanƙanta". Ki rufe abin da zanen duka, ki sake zanawa a sabuwar takarda. Washegari, kafin ki kalli komai, ki sake fitar da shi da ka. Haka bayan kwana 3, haka bayan mako guda.

Inda abin ke lalacewa wuri uku ne. Na ɗaya leƙe: in kin ɗaga ƙyallen sau ɗaya a tsakiyar minti goman nan, kin koma kwafi, domin wahalar tunowar ita ce ke dasa abin a ka. Na biyu gogewa: wanda ya goge kuskurensa ba zai ga cewa kuskure ɗaya yake maimaitawa ba, alhali in kin jera takardu goma masu jan biro za ki ga, misali, kullum kina ƙanƙanta bayan abu kina girmama gabansa. Na uku zaɓen abu mai yawan tarkace tun farko. Doki da mahayinsa ba na makon farko ba ne.

Hajara:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma hadda kaɗai za ta ba ki takalmin ne ta fuskar da kika haddace shi. Ki ce a juya shi a kalle shi ta ƙasa, sai ki tsaya cak. Abin da ke ba mutum ikon juya abu a takarda shi ne gini, kuma a ganina nan ne mafi yawan masu kwafi suke da giɓi.

Ginin nan da tubali huɗu ake yinsa: akwati, gwangwani, ƙwallo, da mazurari. Kusan duk abin da za ki zana haɗin waɗannan ne, an miƙe su ko an lanƙwasa ko an yanke. Ba sabon abu ba ne. Luca Cambiaso, mai zanen Italiya na ƙarni na 16, ya bar zane-zanen mutane da aka gina da akwatuna zalla, kai akwati, ƙirji akwati. To, in ba ki iya juya akwati da ka ba, ba za ki iya juya kai ba.

Ki fara da layin ido. Layi ne a kwance da ke nuna tsayin idon mai kallo. Duk abin da ke ƙasa da shi samansa ake gani, duk abin da ke sama da shi ƙasansa ake gani. Ki ja shi a kowace takarda kafin komai, ko da daga baya ba zai fito ba. Layukan da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a zahiri, in suna nisanta daga gare ki, a takarda matsowa suke yi har su haɗu a ɗigo guda. In a kwance suke, kamar gefunan tebur, ɗigon a kan layin ido yake.

Aikin kullum: akwati 10, biyar a shafi, da biro, ba rula. Ki zana har gefunan bayan da ba a gani, kamar akwatin gilashi ne. In kin gama shafi, sai ki ɗauko rula da biro mai launi ki tsawaita kowane layi zuwa can nesa. Akwati yana da rukunin layuka uku, kowane rukuni layi huɗu. Ki duba ko huɗun suna nufin wuri ɗaya. Abin da za ki tarar shi ne suna rabuwa biyu-biyu, ko ma suna buɗewa maimakon matsewa, musamman layin kusurwar baya, domin shi ake zanawa ƙarshe kuma duk kuskuren sauran a kansa yake taruwa. Wani kuskuren shi ne matso da ɗigon haɗuwar guda biyu kusa da juna a cikin takarda. Akwatin sai ya yi tsini kamar bakin jirgin ruwa. Yawanci aƙalla ɗaya daga cikinsu a wajen takarda ya kamata ya kasance.

Gwangwani kuma, bakinsa da'ira ce da ta matse. Abu uku a nan. Ƙarshenta biyu ba su da tsini, kada ki yi ta kamar ido. Gajeren faɗinta yana bin sandar da ta ratsa tsakiyar gwangwanin, duk inda ya karkata. Wannan ne ya sa tayar mota take fitowa a karkace a hannun masu koyo: sun miƙar da da'irar tsaye, ba su bi sandar da ta haɗa tayoyin ba. Sannan da'irar ƙarshen da ya fi nisa ta fi ta kusa buɗewa, duk da ta fi ta ƙanƙanta. Ki ɗaga kofin gilashi ƙasa da idonki ki duba: gindinsa ya fi bakinsa zagaye.

Maganar mutumin da bai taka ƙasa ba, ga dabara. In ƙasa a shimfiɗe take, kuma mutane tsayinsu ɗaya, layin ido a wuri ɗaya yake yanka su duka. In ya yanki na kusa a ƙugu, na can nesa ma a ƙugu zai yanke shi. In mai kallo a tsaye yake, kawunansu duk suna kusa da layin, ƙafafu ne ke hawa sama gwargwadon nisa. Kafin ki zana ƙafa, ki zana murabba'i a kwance a ƙasa, ki dasa tafin ƙafa biyu a cikinsa. Masu koyo kan jera ƙafafun a layi ɗaya, alhali ta baya dole ta ɗan hau sama da ta gaba.

Bayan mako biyu da akwatuna, ki haɗa da aikin Malam: abin da kika haddace, ki sa shi a cikin akwati, ki juya akwatin, ki sake gina shi a ciki ta fuska uku da ba ki taɓa gani ba. Sai ki ɗauko abin ki riƙe shi haka ki gwada.

Ummi:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Yaya Hajara. Amma akwai abin da ke damuna. In na rufe ido ba na ganin hoto sosai a kaina, sai dishi-dishi. Anya wanda ba ya gani a zuci zai iya? Sannan fuska da hannu fa, su ma akwati ne?

Ɗanlami:

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Akwai mutanen da ba sa ganin komai sam in sun rufe ido. A 2015 likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman da abokan aikinsa suka raɗa wa yanayin suna afantasiya, kuma Glen Keane, ɗaya daga cikin manyan masu zanen katun na Disney, yana cikin masu shi. Zane da ka ba kwafin wani hoto ne da ke rataye a cikin kai ba. A takarda ake tunanin: ki ja layi mara nauyi, ki kalle shi, ki ga abin da ya rasa, ki ƙara. Sani ne ke aiki, wato sanin yadda abu ya ginu, sai idon da kika riga kika horar shekara da shekaru ya riƙa ce miki "nan bai yi ba". Wannan idon shi ne ribar da kika ci daga kwafi, kada ki raina shi.

Kai: hanyar da aka fi bi ita ce ta Andrew Loomis, Ba'amurke. Ki zana ƙwallo. Ki yanke gefe da gefe kamar an sare da wuƙa, domin ƙoƙon kai a shafe yake ta wajen kunnuwa. Da'irar yankan ta kai kusan kashi biyu cikin uku na tsayin ƙwallon. Ki zagaya ƙwallon da layin gira, ki ratsa shi da layin tsakiyar fuska. Inda suka gicciye shi ne ke nuna inda kan yake kallo, kuma shi ake fara sawa, ba ido ba. Daga nan fuska kashi uku ce daidai: matsirar gashi zuwa gira, gira zuwa ƙasan hanci, ƙasan hanci zuwa haɓa. Kunne yana tsakanin layin gira da na hanci, a bayan tsakiyar da'irar gefe. Idanu suna tsakiyar tsayin kai gaba ɗaya.

Kurakuran da ake yi da ka kusan iri ɗaya ne a wurin kowa. Ana ƙanƙanta ƙeya da saman kai, domin hankali yana kan ido da baki, sai idanu su hau goshi. In kai ya juya rabi, ana ba idon can nesa faɗi ɗaya da na kusa, alhali ya matse, kuma karan hanci ya rufe wani sashensa. In kai ya ɗaga sama, layukan gira da hanci da baki duk suna lanƙwasa sama, kunnuwa su sauka, a ga ƙasan hanci da ƙasan muƙamuƙi. In ya sunkuya, kunnuwa su hau, hanci ya sauko ya kusa rufe leɓe. Ki yi kawuna 20 a zama ɗaya, kowanne kamar girman ƙwai, ba ido ba baki, gini kawai.

Jiki gunduma uku ne masu tauri: kai, kejin haƙarƙari mai siffar ƙwai, da ƙugu mai kama da akwati. Abin da ke tsakaninsu, wuya da ciki, shi ne ke lanƙwasa da murɗawa. Tsayin baligi kusan kai 7 da rabi ne, masu zane kan ja shi zuwa 8 don kyau. Rabin tsayi yana wajen mahaɗar cinyoyi, ba a cibiya ba, kuma wannan kuskuren ne ke sa ƙafafu su gajarce. Gwiwar hannu tana daidai ƙarshen haƙarƙari, wuyan hannu daidai mahaɗar cinya, yatsu su kai tsakiyar cinya. In mutum ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, ki sauke layi daga ramin wuya, dole ya faɗa kan wannan ƙafar, in ba haka ba zai yi kamar zai kife. Ƙugun wannan ɓangaren ya ɗaga, kafaɗarsa ta sauka.

Hannu kuwa, daina ɓoye shi. Tafin akwati ne mai ɗan lanƙwasa, tsawonsa kusan ɗaya da na yatsan tsakiya. Gaɓoɓin yatsu a kan baka suke, ba a miƙaƙƙen layi ba. Babban yatsa yana da nasa gindin daban, kuma yana kallon wata fuska dabam da sauran. Ki fara zana yatsu huɗun a dunƙule kamar safar hannu marar yatsu, sannan ki raba. In hannu ya miƙo wajen mai kallo, ki sa ɗigon kafaɗa da na wuyan hannu tukuna, ki nemi gwiwa, sai ki jera gwangwanaye, na gaba yana rufe na baya. Hankalinki zai ce "ai damtse dogo ne", ya so ya tsawaita shi. Kada ki saurare shi.

Malam Sabo:

Saura haske, wanda shi ne ke tona asirin zanen da aka yi da ka. A hoto inuwa a shirye take. A nan ke ce za ki yanke hukunci, kuma in ba ki yanke ba sai ki riƙa shafa duhu a gefen kowane abu, zanen ya yi datti.

Fitila ɗaya tak. Ki zana kibiya a kusurwar takarda mai nuna daga ina hasken yake, sama ko ƙasa, gaba ko baya. Ki raba komai gida biyu kawai: abin da ke kallon hasken fari, abin da ya juya masa baya duhu ɗaya shimfiɗaɗɗe. In zanen bai karantu da waɗannan biyun ba, ƙarin launi ba zai cece shi ba. A cikin inuwa akwai hasken da ke dawowa daga ƙasa ko bango, amma kada ya kai hasken ɓangaren fari, ko da mafi duhunsa. Masu koyo kan cika shi, sai abin ya yi kamar gilashi. Inuwar da abu ke jefawa a ƙasa kuma ana lissafa ta: layi ɗaya daga fitila ya bi ta saman abin, layi na biyu daga ɗigon ƙasa da ke daidai ƙarƙashin fitilar ya bi ta gindin abin, inda suka haɗu nan inuwar ta ƙare. Sannan ɗan siririn baƙi a daidai inda tafin ƙafa ya taɓa ƙasa. Wannan kaɗai yakan sauko da mutumin da ke shawagi.

Game da ko a daina duba hoto: a'a, jerin ne ke canzawa. Da, hoto ne farko. Yanzu ki fara da ƙananan gwaje-gwaje 10 ko 12, kowanne bai wuce santimita 5 ba, minti 2 kowanne, da fari da toka-toka da baƙi kawai. Ki zaɓi ɗaya, ki gina shi babba da ka har inda saninki ya tsaya. Ki yi da'ira a wuraren da suka gagara, sai ki je neman amsar waɗannan kaɗai, a madubi ko a hoto ko a jikin abin. Ki yi nazarinsa a wata takarda daban, ki rufe, ki dawo ki gyara. In kika fara da hoto, shi zai zaɓa miki tsayuwa da haske, ki koma inda kika fito.

In abin babu shi a duniya balle a ɗauki hotonsa, ki gina shi. Tintoretto da Poussin, tsofaffin masu zane na Turai, sukan ƙera 'yan mutum-mutumi na kaki, su jera su a cikin akwati, su haska su don ganin inda inuwa za ta faɗa. Yumɓu da kwali da tocila sun isa. Shi kansa Kim Jung Gi na Koriya ta Kudu, wanda ya rasu a 2022, da ake kallo yana cika bango da alƙalami ba tare da zanen share fage ba, a darussansa akwatuna yake zanawa yana sa mutane da motoci a ciki.

In awa ɗaya gare ki a rana: minti 15 akwati da gwangwani, 25 kallo da rufewa da jan biro, 20 ki zana abin da ranki ke so da ka, ko ya yi muni. Kada ki yar da na ƙarshen nan ki ce sai kin ƙware, domin shi ne ke nuna miki abin da za ki nazarta gobe.

Hajara:

Ƙari kaɗan a kan na Malam. Zanen da aka yi da ka yakan karkata gefe ɗaya ba tare da mai shi ya lura ba, saboda hannu yana da ɓangaren da ya fi saba ja, ido kuma ya saba da kuskuren tun yana ƙarami. Duk bayan minti 10 ki nuna takardar a madubi, ko ki juya ta ki ɗaga wajen haske ki kalla ta baya. In a kwamfuta ko waya kike zane, ki juya shafin hagu zuwa dama. Muƙamuƙin da ya zame da idon da ya fi ɗan'uwansa hawa nan take za su fito. Ki yi wannan tun ana matakin gini, da fensir mai tauri kamar 2H wanda layinsa ba ya nauyi, kafin ki ɗauki mai laushi kamar 2B. In kin riga kin zuba gashi da inuwa, ba za ki yarda ki rushe ba.

Ki kuma riƙa sa kwanan wata a kowace takarda. Ki zaɓi abu guda, a ce mutum zaune a kujera ana kallonsa daga sama, ki zana shi da ka yau, ki ajiye, ki sake zana shi ranar farko ta kowane wata ba tare da kin duba na baya ba, sannan ki jera su.

Ummi:

Allah ya saka da alheri. Na gwada keken: na manta sandar da ke sauka daga sirdi zuwa feda gaba ɗaya. Da shi zan fara, da jan biro.